Maƙogwaro kalma ɗaya, wurare da yawa: me likita ke nufi, me marar lafiya ke nufi?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai a karatunmu. A littafi, abin da ke tsakanin bayan hanci da gindin wuya an raba shi kashi-kashi, kowane da sunansa: farinks daban, larinks daban, hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Amma marar lafiya idan ya zauna gabanka kalma ɗaya ce a bakinsa, "maƙogwarona ke ciwo." Mu ma da za mu yi masa bayani, maƙogwaron nan dai muke mayar masa. Shin Hausa ce ba ta da sunayen, ko mu ne ba mu san su ba?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Sunaye suna nan, sai dai sun maƙale a ajin furuci, ba su ƙarasa asibiti ba. Ɗora tsinin harshenki a bayan haƙoran sama. Tudun nan da kika taɓa shi ne hanƙa, a nan ake furta t da d da n. Ja shi baya kaɗan, rufin nan mai tauri shi ne ganɗa. Can ciki inda ya yi taushi kuma hanɗa ce, wurin da doron harshe ke taɓawa idan kin ce k ko g. Ɗan naman da ke reto a ƙarshen hanɗa beli ne, wasu su ce belu, wasu su ce hakin wuya. Inda murya ke fitowa maƙwallato, abin da ke kaɗawa a cikinsa kuma tantanin maƙwallato. Sa yatsa a kan zakaran wuya ki ja sautin s, sannan ki ja z. A na biyun za ki ji karkarwa a yatsanki, tantanin ne ke aiki. Harshen kansa muna da tsininsa da ƙirjinsa da gabansa da doronsa. Duk wannan ɗan sakandare na karanta shi don cin jarrabawa, amma ban taɓa jin an faɗa wa marar lafiya "maƙwallatonka ne ya kumbura" ba.

Mai Kemis:
Allah ya gafarta Malam, in ka ce wa mutum maƙwallato sai ka sake yi masa fassara. Mutane sun fi gane kalmar Turanci irin tonsil, ƙwallayen nan biyu da ke gefen maƙogwaro, a kan irin su hanɗa. Ni a ganina abin da ya riga ya shiga baki a bar shi, kamar yadda muka bar allura da asibiti da nas.

Dakta:
Kafin a kai ga wace kalma za a ɗauka, bari mu ga wuraren tukuna, don rikicin daga nan yake.

Bayan hanci da bayan baki suna haɗuwa a wani rami mai bangon nama, tsawonsa wajen santimita 12 zuwa 14 a babban mutum. Shi ne farinks. Mararraba ce, iska na bi ta nan, abinci na bi ta nan. A ƙasansa hanya ta rabu biyu. Ta gaba ita ce larinks, wato maƙwallaton da Malam ya faɗa, daga shi bututun iska ya gangara huhu. Ta baya ita ce bututun abinci, wajen santimita 25 kafin ya kai tumbi. Duk lokacin da ka haɗiyi ko da yawu ne, maƙwallato na ɗagowa sama, wani ɗan guringuntsi mai siffar ganye ya rufe bakinsa. Sunansa epigulotis. Ku taɓa zakaran wuya ku haɗiya, za ku ji ya hau ya sauko. Ranar da rufewar nan ta yi latti, shi ne mutum ya ƙware.

Sunayen cututtukan kuwa ba wani sirri ba ne, guntaye ne na Girkanci da Latin ake harhaɗawa. Duk kalmar da ta ƙare da aitis kumburi ce. Farinjaitis kumburin ramin nan ne, mai shi yana jin zafin haɗiya amma muryarsa lafiya lau. Larinjaitis kumburin maƙwallato ne, murya ta dishe ko ta ɗauke, alhali yana iya cin abincinsa. In ta ƙare da ektomi, cirewa ce. In ta ƙare da ostomi, an huda ƙofa ne, kamar wadda ake yi wa bututun iska a wuya idan sama ta toshe. Kun ga duka Bahaushe zai ce ciwon maƙogwaro, amma hanyar da zan bi da kowanne daban ce.

Malamin Hausa:
To ga shawarata, Dakta. Muna da maƙoshi muna da maƙogwaro. Me zai hana a ba farinks maƙoshi, tunda shi ake dangantawa da haɗiya da ƙishi, a bar maƙogwaro ga ɓangaren iska? Epigulotis kuma a ce marfin maƙwallato.

Sista:
Marfin maƙwallato ya zauna, Malam, ko tsohuwa za ta gane. Amma raba maƙoshi da maƙogwaro ba zai yi aiki a ɗakin duba marasa lafiya ba. Mutum ɗaya zai ce miki maƙoshinsa na ƙaiƙayi, bayan minti biyu ya ce maƙogwaronsa, kuma wuri ɗaya yake nufi. Abin da nake yi shi ne in ce ya nuna mini da yatsa ɗaya. Wani ya nuna ƙarƙashin muƙamuƙi, wani zakaran wuya, wani ma ramin da ke saman ƙirji. Daga nan sai in tambaya: zafi ne in ka haɗiya, ko abincin ne ke tsayawa, ko muryar ce ta canza?

Alaramma:
Salamu alaikum. Abin da Dakta ya zayyana ya tuna mini da ilimin tajwidi. Malaman ƙira'a sun raba halƙu gida uku tun da daɗewa, kowane gida da haruffa biyu: can ƙurya hamza da ha mai taushi, tsakiya ainu da ha mai kauri, kusa da baki gainu da kha. Harshe kuma suka ba shi mafita goma. A fiƙihu ma an bambanta hulƙumu, hanyar numfashi, da mari'u, hanyar ci da sha. Ibn Sina ya rubuta ƙaramar risala a kan yadda haruffa ke samuwa, ya siffanta guringuntsin maƙwallato da tsokokin harshe a ciki. Abin da nake so in ce, duk mutanen da suka buƙaci rarrabewa sai sun samar da suna. Mu ma buƙatar ta zo.

Dakta:
Haka ne, Allah ya gafarta. Wani abin sha'awa, wanda aka fi dangantawa da fara ganin tantanin murya yana aiki a jikin mai rai ba likita ba ne. Malamin waƙa ne ɗan Sifaniya, Manuel García, a 1854, da madubai biyu da hasken rana ya leƙa nasa. Masu ruwa da tsaki da sauti su ne kullum a gaba a wannan fanni.

Maman 'Yan Biyu:
Dakta, don Allah ina da tambaya. Beli da belu-belu abu ɗaya ne? Ɗana kwana biyu ke nan yana zazzaɓi, ya ƙi abinci, ko ruwa sai ya runtse ido kafin ya haɗiye. Na haska bakinsa da tocilan ɗin waya, na ga wasu ƙwallaye biyu hagu da dama sun yi jajir, da fari-fari a kansu kamar an ɗiga, wuyansa kuma da kaluluwa in na taɓa sai ya yi kuka. Ba ya tari, ba ya majina. Wata ta ce mini belinsa ne ya sauko.

Dakta:
Hajiya, ba ɗaya ba ne, kuma wannan na cikin wuraren da kusancin suna ke cutar da mutane. Beli guda ɗaya ne, a tsakiya, yana reto. Kowa da shi aka haife shi, ba cuta ba ne, yana taimaka wa hanɗa ta toshe hanyar hanci lokacin haɗiya don kada ruwa ya biyo ta hanci. Likitoci na ce masa yubula, asalinta ɗan ƙaramin inabi da Latin. Ƙwallaye biyun da kika gani a gefe su ne tonsil, waɗanda mutane da yawa ke kira belu-belu, kuma aikinsu tsaron jiki ne daga ƙwayoyin cuta. Idan suka kumbura, belin ma yakan yi ja ya ɗan yi nauyi, sai a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Kada ki bari kowa ya taɓa masa shi.

Abin da kika lissafa, zazzaɓi, farin ɗigo a kan tonsil, kaluluwa mai zafi a wuya, babu tari, su ne alamomin da ke sa mu zargi wata bakteriya da ake kira sitiref. Ki kai shi a duba shi yau. In ita ce, maganinta fenisilin ko danginsa, yawanci na kwana 10, kuma sai an shanye ko da ya warware a kwana na uku. Dalili, wannan ƙwayar in an yi mata sakaci tana iya jawo zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya bayan makonni.

Mai Kemis:
Wannan shi ne abin da nake fama da shi kullum. Kowa ya zo da ciwon maƙogwaro antibayotik yake nema, in ka hana ya ce ba ka san aikinka ba.

Dakta:
Ka ci gaba da hanawa, Yaya. Mafi yawan ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi, irin mai zuwa da mura da tari da dishewar murya, kuma antibayotik ba ya yi wa bairos komai. Yakan wuce da kansa cikin mako guda, abin da ake buƙata ruwa da maganin zafi da hutu. Matsalar ita ce kalma ɗaya ta rufe mai sauƙin da mai haɗarin. Shi ya sa ban yarda da kai ba gaba ɗaya a kan cewa a bar abin da ya shiga baki. Tonsil ta shiga, na yarda, a bar ta. Amma wuraren da ba su da suna a bakin mutane, ba sa iya ba da labarinsu.

Sista:
Akwai biyu da nake so iyaye su riƙe. Idan ciwon ya koma gefe ɗaya, mutum ya kasa buɗe baki sosai, maganarsa ta zama kamar da abu a bakinsa, belin kuma ya karkace gefe, ƙurji ne ya taru a bayan tonsil, sai an fitar da mugunya a asibiti. Na biyu ya fi gaggawa: yaro da zazzaɓi mai zafi, yawu na dalala don ya kasa haɗiyewa, ya zauna ya miƙo wuya gaba, numfashinsa na ƙara in ya ja. Wannan marfin maƙwallaton ne ya kumbura. Kada a kwantar da shi, kada a danna masa harshe da cokali don a leƙa, hakan na iya rufe hanyar gaba ɗaya. A ɗauke shi yadda yake zaune a tafi.

Malamin Hausa:
Tunda an zo nan, ina da ƙorafi a kan mashaƙo. A tsohuwar ma'anarta ciwon ƙirji ne mai tari da sarƙewa. Yanzu kafafen labarai sun ɗora ta a kan difteriya. Dattijo in ya ji an ce mashaƙo, abin da ya sani zai ɗauka, ya ce ai wannan a gida ake jinyarsa.

Mai Kemis:
Malam, ai bakin alƙalami ya bushe. Yau in ka ce mashaƙo kowa difteriya yake ji, har tsoro kalmar ke ba mutane. Sake mata suna yanzu shi ne zai kawo ruɗani.

Malamin Hausa:
Ban ce a sake ba, a ƙara mata wani abu da zai bambanta ta. Turawan ma da siffa suka sa mata suna.

Dakta:
Gaskiyar Malam ce a nan. Likitan Faransa Pierre Bretonneau ne ya raɗa mata suna a 1826, daga kalmar Girkanci mai nufin fata ko ƙirgi, saboda wani tantani mai kauri, ruwan toka, da ke shimfiɗuwa a kan tonsil da bayan maƙogwaro. Ya manne sosai, in aka kankare shi jini yake yi, kuma yana iya sauka ya toshe maƙwallato. Wuya ya kumbura ya yi kauri. Ƙwayar kuma tana sakin dafi mai taɓa zuciya da jijiyoyi, shi ya sa ba antibayotik kaɗai ake bayarwa ba, har da maganin karya dafin. Emil von Behring da ya yi aiki a kan wannan magani shi ya fara samun kyautar Nobel ta likitanci a 1901. Rigakafinta na cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 a ƙasashe da yawa. Ni idan ina bayani ina cewa mashaƙo mai tantani, sai in ga an ɗago kai an saurara.

Ɗalibar Jinya:
Dakta, harshe fa? Me ya sa wani lokaci gulos, wani lokaci lingu?

Dakta:
Ƙanwata, abu ɗaya ne daga gida biyu. Glossa Girkanci, lingua Latin, duka harshe. Gulosaitis kumburin harshe, wanda za ki ga ya yi sumul, ja, ƙananan tsirarrakin kansa sun shafe, mai shi na kukan raɗaɗi. Sau da yawa ba ciwon baki ba ne, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini ko bitamin B12 ko folik asid. Sublinguwal kuma ƙarƙashin harshe, kuma wannan ki riƙe shi da kyau, don akwai magunguna irin na ciwon ƙirjin masu ciwon zuciya da a nan ake ajiye su su narke su shiga jini kai tsaye. In aka ce wa mutum "sha" kawai, ya kora da ruwa, an ɓata maganin.

Harshe ba shi da ƙashi, tsokoki takwas ne, huɗu na canza siffarsa, huɗu na motsa shi. Jijiya ta 12 cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ce ke tafiyar da kusan dukkansu. Shi ya sa muke ce wa wanda ake zargin shanyewar ɓarin jiki ya zaro harshe, mu ga ko zai karkace.

Malamin Hausa:
Zaren naman nan da ke ƙarƙashin harshe, wanda in ya yi gajarta ake cewa yaro na da linzami, me kuke ce masa?

Dakta:
Firenulum, kuma ma'anarta a Latin ƙaramin linzami. Nan Bahaushe da likita sun haɗu ba tare da sun yi shawara ba. Sai dai ba kowane linzami ake yankewa ba. Abin dubawa shi ne ko jariri na kama nono da kyau, yana ƙara nauyi, uwar ba ta jin ciwo. Kuma ba shi ke kawo i'ina ba, ba shi ke hana yaro fara magana da wuri ba. Yaron da ya yi jinkirin magana, kunnensa ake fara dubawa.

Sista:
Ƙanwata, ga wasu guda biyu da ke kayar da ɗalibai kuma suna iya kayar da marar lafiya: disfajiya da disfeziya. Ta farko wahalar haɗiya, ta biyu tangarɗar magana daga ƙwaƙwalwa. A rubutunsu na Turanci harafi ɗaya ne tsakaninsu. Wanda aka rubuta wa ta farko, in kika ɗauka ta biyu ce kika ba shi ruwa a kofi, ruwan na iya tafiya huhu. A nan Hausa ta fi sauƙi, "ba ya iya haɗiya" da "maganarsa ta harɗe" ba mai haɗa su. Ni a bakin gado da Hausar nake miƙa aiki ga wadda ta karɓe ni, bayan na rubuta na littafi.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Dakta, mun shirya za mu tafi. Farin da ke fitowa a harshen jarirai fa, shi ma ciwo ne?

Sista:
In nono ne, da kin shafa da tsumma mai tsabta zai fita ya bar harshe lafiya. In ya kama har cikin kumatu, kin goge ya bar wuri ja, wannan naman gwari ne da ake kira kandida, akwai maganin ɗigawa. A babba kuwa, in yana yawan dawowa, a auna suga da garkuwar jiki. Wanda ya fi damunmu shi ne farin tabo a bakin babba da ba ya goguwa ko kaɗan, musamman a gefen harshe ko ƙarƙashinsa, ga mai shan taba ko giya. Allah ya ba yaro lafiya, Hajiya.

Baba Alhaji:
Ina ta karantawa ban sa baki ba. Dakta, ɗana, ni muryata ce ta dishe tun wajen wata biyu. Ba zafi, ba zazzaɓi, ina cin abincina. Na daina taba da daɗewa. Yara sun ce sanyi ne. Cikin sunayen nan naku wanne ne nawa?

Dakta:
Baba, ranka ya daɗe, sunan alamar disfoniya, wato canjin murya, amma wannan suna ne na abin da ake ji, ba na abin da ya kawo shi ba. Dishewar sanyi ba ta kai wata biyu. Ƙa'idarmu, muryar da ta dishe fiye da mako uku sai an leƙa maƙwallato da ido, haka gyambon baki ko na harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, haka ƙulli a wuya, haka abincin da ke tsayawa. Sau da yawa abin da ake samu mai sauƙi ne: ruwan tsamin ciki da ke tasowa da dare yana ƙona wurin, ko ɗan tsiro marar illa a kan tantani, ko matsalar ƙwayar tayroid da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne ake kira maƙoƙo. Amma sankarar maƙwallato ma da dishewa marar zafi take farawa, kuma wanda ya taɓa shan taba yana cikin waɗanda muke sa wa ido ko da ya daina. In an kama ta tana kan tantani, ana warkewa sosai, sau da yawa har murya ta tsira.

Ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Zai fesa maka maganin kashe zafi a hanci, ya zura wata siririyar na'ura mai fitila, ya ce ka ce "iii", cikin 'yan mintuna an gama, kana zaune a kujera. Ka gaya masa yaushe ta fara, shekara nawa ka yi kana shan taba, ko kana ƙwarewa in ka sha ruwa, ko kunne ɗaya na yi maka ciwo, ko ka rame. Kada a ba ka maganin tari a ce ka dawo bayan wata ba tare da an leƙa ba.

Baba Alhaji:
Na ji, ɗana. Kunnen dama kam yana ɗan yi mini zogi in na haɗiya, ban ɗauka yana da alaƙa ba.

Dakta:
Yana da ita, Baba. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga maƙogwaro suna da reshe a kunne, shi ya sa ciwon can ke fitowa a nan alhali kunnen lafiyarsa ƙalau. Wannan ka fara faɗa masa, kuma kada ya wuce makon nan.